Sawun da Ya Daskare a Bakin Kwata

Da safiyar ranar, kwata ce ta kama da wuta. Ba shago ba, ba mota ba, kwata: doguwar ƙazamar nan da ta ratsa bayan shagunan layin, wadda kowa ke watsa wa abin da ya gaji da gani. Inna Mai Abinci ta ajiye murhunta a bakinta kamar yadda ta saba shekara goma sha biyu, ta sunkuya tana fifita gawayi, sai ji aka yi fuu! Wuta ta taso daga ƙarƙashin ƙafafunta, ta kama zanenta, ta bi kwatar a guje har ƙarshen layi. Kafin a kashe, ƙafafun baiwar Allah sun saluɓe daga gwiwa zuwa ƙasa. Aka jefa ta a mota, sai asibiti.

Ko kwana motar ba ta sha ba, mutanen layi suka shiga neman wanda za su ɗora wa. Wari ya riga ya faɗi abin da ya ci wutar. Asiton ne, farin ruwan nan mai hawa kai, wanda masu fenti ke wanke bindigar feshi da shi, mai gyaran takalmi ke cire gam da shi, mata ke goge jan farce da shi. Kusan kowane shago akwai shi. Shi ya sa kowa ya ƙagu a kama wani, tun ba a waiwayo kansa ba.

Ana cikin haka sai ga Mai Tsintsiya, tsohon da ke share layin, ya ɓullo yana tangaɗi, idanu sun faɗa, yana numfashi kamar wanda ya hau dutse. Wani ya tare shi, ya ja da baya yana toshe hanci.

"Jama'a, ku zo ku ji bakinsa! Wallahi shi ne!"

Aka yi masa caa. Mai mari na yi, mai tofa yawu na yi. Ciyaman, shugaban 'yan layin kuma mai babban shagon fentin kujeru, ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Sha yake yi. Satarsa yake, ya kurɓa, ya zubar da saura. Ku kulle shi a sito. In Inna ta tashi, mu miƙa shi ga hukuma. In ba ta tashi ba..." Bai ƙarasa ba. Aka kulle tsohon, ya jefa makullin a aljihu.

Tsohon da ya shekara ashirin yana kwashe musu ƙazanta, ba a sami mutum ɗaya da ya ce a ji ta bakinsa ba. Tir.

* * *

'Yar tsohon ce ta je ta kira Sunkuyau. Ta same shi a ƙofar gidan ɗansa yana gyaran sandarsa, ta durƙusa, tsintsiyar ubanta da ta tsinta a ƙasa tana hannunta.

Shi Sunkuyau mai bin sawu ne. Da ƙuruciyarsa dabbobin sata yake bi, ya kwana uku a kan sawu bai ɓace masa ba. Tsufa ya kawo shi gari, amma har yau ba ya tafiya sai kansa a ƙasa, abin da ya jawo masa sunan ke nan.

"Baba, ka taimake ni. Babana ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba."

"Kowace 'ya haka take faɗa. Bakin nasa na warin ko ba ya yi?"

Ta ce, "Yana yi. Kwana biyu ke nan. Ni ma ban san dalili ba."

"Tunda kin faɗi wadda ba ta yi miki daɗi ba, tashi mu je."

* * *

Wurin Ciyaman suka fara zuwa. A ƙofar ɗakin feshi akwai katako, takalma jere a kai. Sunkuyau zai sa kai, Ciyaman ya daka masa tsawa daga ciki.

"Dattijo, takalmi! Ko gwamna ne ba ya shigo min nan da takalmi. Ƙwayar ƙasa ɗaya ta hau ɗanyen fenti, aikin mako ya tashi a banza."

Sunkuyau ya tuɓe ya shiga. Ɗaki fes, kujeru jajaye guda shida suna shan iska.

"Ranka ya daɗe, ni jahili ne. Mene ne wannan asiton ɗin?"

Ciyaman ya gyara tsayuwa. Mutum ne mai son a tambaye shi.

"Ka zo gidansa. A manyan masana'antu ake haɗa shi, daga abin da ake tacewa cikin ɗanyen mai. Can da ma hatsi ake ruɓarwa a fitar da shi. Ka zuba a tafin hannu, sanyi za ka ji, kafin ka ƙifta ido ya bi iska. Yana cin fenti, yana cin gam, yana cin roba. Amma mugun abin shi ne tururinsa. Ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi yana rarrafe har ya sami wuta. Shi ya sa kullum nake gaya musu: gwangwanin ƙarfe mai murfi, nesa da wuta, taga a buɗe. Wanda aka yi wanki da shi kuma a tara, masu kwasa su zo su ɗauka. Ba a zuba shi a kwata. Ko mahaukaci ya san wannan."

"Lallai ka san shi. Yau ka leƙa bayan layin?"

"Ni? Wannan juji? Rabon ƙafata da can tun bara. Ko fentin da na sa aka shafa wa bakin kwatar makon jiya, daga nan na ba da umarni."

"Fenti a bakin kwata?"

"Masu duba wuraren aiki za su zo yau da yamma. Ai dole wuri ya yi kyan gani."

* * *

Kyan gani! Sunkuyau ya tsaya a bayan layin ya ja gefen rawaninsa ya rufe hanci. An shafa wa bakin kwatar koren fenti mai ƙyalli, cikinta kuwa ba a taɓa ba. Ledoji, gashin aski, ruɓaɓɓen abinci, mataccen ɓera ya kumbura, duk wuta ta babbake su sama-sama, ƙasan yana nan da ɗoyinsa. Daidai inda murhun Inna yake, tarkace ya toshe hanya. Nan tururin ya taru ya jira ta.

Ya bi kwatar a hankali yana tona ta da sanda, har ya kai wajen famfon da kowa ke ɗiba. A nan ya tsaya. A bangon kwatar ga wani jan shafi ya bushe, faɗinsa ya kai taki biyu. A gefe kuma koren fentin ya yamutse kamar fatar tsohuwa, a tsakiyarsa ga sawun ƙafar dama guda ɗaya, ya fito raɗau. Ya taɓa da yatsa. Ya daskare kamar dutse.

Ya daɗe a tsugune. A diddigen sawun akwai faci mai siffar rabin wata, da kan ƙusa uku.

'Yan kallo sun biyo shi. Ganin jan shafin, wata ta ce, "Ja! Ai jan farce ne. A tambayi Mai Farce."

* * *

Mai Farce na zaune a shagonta tana taunar cingam, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ƙasan cike da audugar da aka goge farce da ita.

"Baba, farce za a gyara maka? Wallahi naka sai da zarto."

"Bari sai ranar aurena. Nuna min asiton ɗinki."

Ta miƙo kwalba, tsawonta bai wuce yatsa biyu ba.

"Ga shi nan, duk dukiyar ke nan. Wannan ko jelar ɓera ba zai ƙona ba. Su da ke da shi durom-durom ba a tambaye su ba, sai ni marar gata?"

Gaskiyarta. Jan da ke bangon kwata sai an wanke farcen mata dubu kafin a tara shi. Amma ya duba audugar da ke ƙasa, ya duba kaskon turaren wuta da ke hayaƙi a lungu.

"Ɗiyata, ki kwashe wannan ki sa a gwangwani ki rufe, in ba so kike gobe a ɗauke ki a mota irin ta Inna ba. Ara min kwalbar."

Ya koma bakin kwata, nesa da sawun, ya ɗiga kaɗan a kan koren fentin. Fenti ya yi laushi ya yamutse. Ya danna babban yatsa, ya ɗaga, ya zauna yana jan carbi. Bai kai ƙarshen zagaye na uku ba, shaidar yatsan ta ƙandare.

Ya gyaɗa kai. Fentin makon jiya ba ya karɓar sawu sai a ɗan lokacin da asiton ya jiƙa shi. Mai wannan ƙafa yana tsaye a wurin sa'ad da ake zubawa. Mai Tsintsiya kuwa, ga silifas ɗinsa ɗaya can a ƙofar sito inda ya fice masa, gindinsa a suɗe kamar tafin hannu.

* * *

Wani ya raɗa masa cewa an ga Shumeka, mai gyaran takalmi, a bayan layi da sassafe da gwangwani a hannu. Ya same shi a kan bencinsa, yatsunsa fari fat sun tsattsage saboda asiton. Mutumin na ganinsa ya kau da kai.

"Gwangwanin me ka kai baya?"

"Na ruwa ne, Baba! Fitsari na je yi, na rantse."

"Faci mai rabin wata, ƙusa uku. Aikinka ne?"

Shumeka ya kalli ƙofa. "Takalmi ɗari nake gyarawa a wata. Ina zan tuna?"

"To. Nuna min inda ka yi fitsarin."

Ya kai shi wani lungu bayan bango, inda zarni ke tsone ido. Ga jiƙar Shumeka nan kuwa, ba ƙarya. Amma idon Sunkuyau ya tafi kan wani gurbi daban a kusurwa, wanda tururuwa suka yi wa baƙi ƙirin, layi-layi suna shiga suna fita. Tururuwa kuwa ba sa bin fitsari sai da zaƙi a ciki.

"Nan wurin wa?"

"Na Mai Tsintsiya ne. Sau goma yake zuwa a wuni. Ruwa yake sha kamar raƙumi, ga rama kullum. Har tsokanarsa muke, muna ce masa Famfo."

"Kuna tsokanarsa," in ji Sunkuyau. Ya tofar da yawu.

Ya nufi sito da sauri irin wanda ba a san shi da shi ba. 'Yar tsohon na zaune a ƙofar tana kiran ubanta, ba amsa. Ya sa hanci a tsagar ƙofa. Banda warin tsofaffin gwangwanaye, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar 'ya'yan itace da suka fara lalacewa, ga kuma numfashi mai zurfi, ja ɗaya bayan ɗaya.

Ya san warin. Ya san numfashin. Haka matarsa ta yi shekara tara da suka wuce, kuma sai da aka makara likita ya yi masa bayani: in ciwon suga ya ci ƙarfin mutum, jiki kan koma cin kitsen kansa, sai ya riƙa haɗa wannan asiton ɗin a cikin jini, yana fita ta numfashi.

"Ɗiyata, ubanki bai sha komai ba. Ciwo ne, kuma yana gab da tafiya. Ruga ki samo mota, ki tsayar da ita a nan."

* * *

"Makulli," ya ce wa Ciyaman.

"Wane makulli? Jama'a ce ta kulle shi, ba ni ba."

"Mutum zai mutu a ciki."

"Maye ne, zai sake shi. Ka kawo min wanda ya zuba in ba shi ba ne, in buɗe. In ba haka ba ko hukuma ce sai ta jira."

Ƙofar ƙarfe ce, kuma matasan layi biyar na tsaye a gabanta da itace. Sunkuyau ya dube su ɗaya bayan ɗaya, duk babu wanda tsohon bai share wa ƙofar shago ba.

"Na ji. Tara min kowa a ɗakin feshinka yanzu. Zan ba ka shi."

* * *

Suka taru. Kowa ya zo ƙofa ya tuɓe takalmi ba tare da an gaya masa ba, don sun saba. Mai Farce ta shiga, Shumeka ya shiga, masu fenti da matasan nan masu riƙe da itace suka shiga. Ciyaman ya zauna a kujerarsa yana kaɗa ƙafa. Sunkuyau ne ƙarshen shigowa, kuma bai shigo hannu sake ba. Baƙin takalmi sau-ciki ƙafa biyu ne a hannunsa.

"Kai! Fitar min da takalmi daga nan!"

"Naka ne, ranka ya daɗe?"

"Nawa ne. Sai aka yi yaya?"

Sunkuyau ya ɗaga su sama.

"Ku duba na hagu. Yana ƙyalli, ana ganin fuska. Ku duba na dama. Bakinsa ya koɗe, ya yi toka-toka." Ya kifa su. "Gindin na hagu, ga zanensa nan tsaf. Na dama fa? Zanen ya narke, ya zama sumul. Ke, taɓa ki ji."

Mai Farce ta taɓa, ta janye hannu tana yatsina. "Danƙo yake yi. Asiton ne ya ci shi, ko a mafarki na san aikinsa."

"A shagon fenti nake," in ji Ciyaman. "Ɗigo ne ya zuba a kai."

"Ɗigo ba ya bin gindin takalmi daga baki har diddige. Gogewa aka yi, da tsumma. A bakin kwata, wajen famfo, akwai sawun ƙafar dama a cikin koren fenti, kuma fentin nan ba ya karɓar sawu sai lokacin da ake zuba asiton. Mai sawun ya dawo ya ga kore a takalminsa. Da ni ne, da ƙasa zan murje shi. Da wannan yarinyar ce, da ta jefar da takalmin. Amma mai fenti, in ya ga fenti inda ba ya so, hannunsa bai san komai ba sai tsumma da asiton. Shekara talatin yana yi, ko tunani ba ya yi."

Ya zaro tsinke daga hularsa, ya sakace gefen ƙusoshin diddige. Kore ya fito a bakin tsinken.

"Rabin wata, ƙusa uku. Shumeka, yanzu ka tuna?"

Shumeka ya sunkuyar da kai. "Ni na yi masa. Watan jiya."

"Ka ce rabon ƙafarka da bayan layi tun bara. Fentin kuwa na makon jiya ne. Jan da ke bangon kwata kuma..." Ya nuna kujeru shida da sandarsa. Kowa ya juya ya kalla.

Ƙafar Ciyaman ta daina kaɗawa. Wani ma'aikacinsa ya yi magana daga baya.

"Bokiti uku na asiton da aka yi wanki da shi ne a bayan ƙofa, ba murfi. Wata huɗu bai kira masu kwasa ba. Jiya ya ce kada masu dubawa su gan su. Da na zo da safe babu su."

"Na ɗauka zai bi iska," in ji Ciyaman. "Kullum yana bin iska. Ban san kwatar a toshe take ba."

"Kai da bakinka ka ce min ko mahaukaci ya sani. Ka ƙona mace, wannan ganganci ne. Amma ka ji warin bakin marar lafiya ka ce ga mafita ta samu, wannan ban san sunansa ba."

Ɗaki ya kaure. Masu itacen nan biyar su ne a gaba. "A kulle shi! A fasa masa kai! Dama mun san tsohon nan ba zai aikata ba!"

Sunkuyau ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku rufe min baki! Da safe da waɗannan bakunan kuka tofa wa tsoho yawu, ko bushewa bai yi a rigarsa ba. Wa ya toshe kwatar? Shi kaɗai? Ba mai taɓa shi, hukuma na nan zuwa. Kai kuma, makulli."

Ciyaman ya laluba aljihu, ya miƙo.

* * *

A kwance suka sami Mai Tsintsiya tsakanin gwangwanaye, leɓe ya bushe ya tsage, ya ɓata wandonsa. Waɗanda suka ja shi suka jefa ciki, yanzu kowa na noƙewa saboda ƙyama. Sunkuyau da 'yar da Mai Farce ne suka cicciɓe shi zuwa mota.

Likita ya ce da an ƙara awa ɗaya, da sai dai wankan gawa. Aka yi ta ɗura masa ruwa da allurai, a rana ta biyu ya buɗe ido. Abin da ya fara tambaya shi ne jikin Inna. Aka ce masa tana ɗakin da ke kallon nasa, za ta tashi, amma tafiya sai a hankali.

A rana ta huɗu Sunkuyau ya je dubiya, ya tarar da Shumeka tsaye a bakin gado yana murza hula. Mutanen layi ne suka aiko shi. Ya gaida mai jiki sama-sama, ya yi 'yan kame-kame, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi: wai shara ta taru, ƙuda ya hana ciniki, ana tambaya yaushe Baba zai dawo.

Tsohon ya fara yunƙurin tashi zaune. 'Yarsa ta dafa ƙirjinsa ta mayar da shi. Ta sunkuya ƙarƙashin gado, ta jawo tsintsiyar da take ta yawo da ita tun ranar, ta danƙa wa Shumeka a hannu.

"Ga ta, kai musu," ta ce. "Ka gaya musu ba ta cizo."